Hawan Jinin Yara da Aikin Tiyata Ke Warkarwa

A wurin yawancin mutanenmu hawan jini ciwon manya ne. Na magidanci ne da ɗawainiya ta yi wa yawa, ko tsohuwar da tunani ya dama, ko mai juna biyu da ƙafafunta suka kumbura. Idan aka ce yaro ɗan shekara shida yana da hawan jini, abin da za a fara tambaya shi ne, tunanin me yake yi? Wannan fahimta ta bi mu har cikin ɗakin shan magani. Yaron da aka kai asibiti a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun za a auna zafin jikinsa, a ɗora shi a sikeli, a soki yatsarsa don gwajin zazzaɓin cizon sauro, idan ƙarami ne a zagaya damtsensa da tef ɗin awon tamowa, amma ba kasafai ake naɗa masa na'urar awon jini ba. Alhali yara suna kamuwa da hawan jini, kuma nasu ya sha bamban da na manya. Na babba galibi ba a gano masa dalili guda, sai dai a yi ta lallaɓa shi da ƙwayoyi iya tsawon rai. Na ƙaramin yaro kuwa, musamman idan ya yi tsanani, kusan kullum akwai abin da ya haddasa shi, kuma mafi yawa daga ƙoda yake tasowa. Cikin waɗannan dalilai akwai guda wanda likitan fiɗa ke iya gyarawa da hannunsa har yaro ya rabu da magani, wato tsukewar jijiyar da ke kai wa ƙoda jini. Ana yawan cewa tsadar aiki da ƙarancin ƙwararru ne suka raba yaranmu da irin wannan waraka. Akwai gaskiya a ciki, sai dai yaron ya ɓace mana tun kafin a zo maganar kuɗi, tun ranar da ya shiga asibiti ya fita ba a auna jininsa ba.

Kafin a gane dalilin da ya sa ƙanƙanuwar jijiya ke tayar da jinin jiki duka, sai an san cewa aikin ƙoda bai tsaya ga tace fitsari ba. Ƙoda biyun nan suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa, kuma a cikinsu akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke lura da ƙarfin jinin da ke shigowa. Idan ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari da ake kira renin, shi kuma ya tayar da wasu sinadaran da ke matse jijiyoyin jiki, su sa a riƙe gishiri da ruwa, sai jini ya hau. Allah ya tsara wannan don ceton rai, domin shi ke riƙe mutum idan ya zubar da jini ko gudawa ta tsotse shi. Matsalar tana zuwa ne idan jijiyar ƙodar ce kaɗai ta tsuke. Manoman da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, sun san irin wannan. Idan laka da ciyawa suka toshe ƙaramar hanyar ruwa, mai gonar da ke ƙarshenta zai yi ta kukan ba ruwa. In aka biye masa aka yi ta ƙara buɗe ƙofar babbar hanya ba a yashe toshiyar ba, gonakin sauran mutane ne za su malale, shi kuwa ɗan abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Haka ƙodar da jijiyarta ta tsuke take yi: tana ta aika saƙon a ƙara, jiki yana ta ƙarawa, zuciya da ƙwaƙwalwa da idanu da ɗaya ƙodar mai lafiya su ne ke ɗaukar wahalar.

Wannan sani ba sabo ba ne. Tun a 1898 Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano renin a birnin Stockholm. A 1934 Harry Goldblatt, a Cleveland ta Amurka, ya matse jijiyar ƙodar karnuka da wani ɗan ƙarfe, jininsu ya hau ya zauna a sama. Bayan shekara huɗu, a 1938, likitoci biyu, Leadbetter da Burkland, suka ba da labarin wani yaro ɗan shekara biyar da rabi mai hawan jini, wanda jijiyar ɗaya ƙodarsa ta toshe. Da aka cire ƙodar sai jininsa ya sauka. Abin lura a nan shi ne, ɗaya daga cikin hujjoji na farko da suka nuna ana iya warkar da hawan jini da wuƙa a jikin yaro aka same ta.

Abin da ke tsuke jijiyar a jikin yaro ba shi ne ke tsuke ta a jikin dattijo ba. A jikin dattijo kitse da daskararren datti ne ke taruwa a bangon jijiya tsawon shekaru. A jikin yaro kuwa ko dai bangon jijiyar ne tun asali bai ginu daidai ba, ya yi kauri a wani wuri ya matse hanyar jini, wanda shi ne aka fi gani a Turai da Amurka, ko kuma kumburi ne ya kama babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da rassanta. Wannan na biyun ana kiransa ciwon Takayasu, da sunan likitan ido ɗan Japan da ya bayyana shi a 1908, kuma shi ne ke kan gaba a Indiya da Afirka ta Kudu, inda likitoci suka daɗe da lura cewa yawancin yaran da ke da shi suna nuna alamar sun taɓa haɗuwa da ƙwayar tarin fuka. Ƙasa irin tamu da tarin fuka ya yi wa katutu bai kamata ta ɗauka wannan ciwon na wasu ne can ba. Akwai kuma ciwon gado da ke fitar da tabo masu launin ƙasa-ƙasa a fata, shida ko fiye, wani lokaci da ƙananan ƙulluta masu taushi, wanda iyaye ke ɗauka tawadar Allah ce kawai, alhali yakan zo tare da tsukewar jijiyar ƙoda. Wani lokacin ma ita kanta babbar jijiyar ciki ce ta tsuke a daidai inda rassan ƙoda suke fita. Gaba ɗaya, masana sun ƙiyasta cewa ciwon jijiyar ƙoda shi ne sanadin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na hawan jinin yara.

Yadda yake bayyana shi ne ya fi ban tsoro, domin kowace alamarsa muna da wani suna da muka riga muka ba ta. Yaro yana kukan ciwon kai da amai, a ce zazzaɓi ne. Yana yawan haɓo, a ce zafin rana ne. Ya faɗi yana jijjiga, a ce iska ce ko sanƙarau. Bakinsa ya karkace gefe guda, a ce shafar aljanu ce, a nufi wurin mai ruƙiyya. Jariri yana haki, ba ya kama nono, ba ya ƙiba, a ce tamowa ce ko ciwon haƙarƙari, alhali zuciyarsa ce ta gaji da tura jini. Wani yaron sai yawan ƙishirwa da fitsari da rama. Wasu kuma, su ne ma suka fi yawa, ba abin da suke nunawa sai ranar da gani ya dushe ko ɓarin jiki ya shanye. Duk waɗannan alamomi ba wanda zai iya rantsewa a kansu da ido, amma awon minti biyu yana raba gardama. Sai dai awon yana da ƙa'ida. Robar da ake naɗawa dole ta dace da damtsen yaron: faɗinta ya kai kimanin kashi 40 cikin ɗari na kewayen damtsen, tsawon jakar iskar da ke ciki kuma ya zagaye kashi 80 zuwa 100. Idan ta yi ƙanƙanta za ta nuna jini ya hau alhali bai hau ba, idan ta manya ce aka naɗa wa siririn hannu tana iya ɓoye ciwon. A zaunar da yaron ya huce na minti biyar, a auna a hannun dama, a maimaita. Lambar ma ba irin ta manya ba ce. Awon 120 bisa 80 da babba zai yi hamdala da shi, a jikin ɗan shekara biyar ya riga ya wuce iyaka. Daga shekara 13 ne ake ɗaukar 130 bisa 80 a matsayin hawan jini, ƙasa da haka sai an duba jadawalin shekaru da tsawo. Yaran da jijiyar ƙodarsu ta tsuke kuwa ba abin mamaki ba ne a ga nasu ya kai 160 ko 180.

Kada a fahimci cewa duk yaron da jininsa ya hau jijiya ce ta tsuke. A yankinmu abin da ya fi yawa shi ne ciwon naman ƙodar kansa. Yaro ya yi ƙazuwa ko ƙurajen da suka yi ruwa ko ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku fuska ta kumbura, fitsari ya ragu ya yi duhu, jini ya hau. Wannan yawanci yakan lafa cikin makonni idan an kula da shi. Sikila tana lalata ƙoda. Tsargiya, wadda ke bin yaran da ke wanka a tafkuna da hanyoyin ruwan noman rani, tana iya toshe mafitar fitsari ta kumbura ƙoda. Gubar dalma, wadda ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, tana daga cikin abubuwan da ke lalata ƙoda su tayar da jini bayan shekaru, don haka waɗanda suka tsira daga waccan annoba, da duk yaron da ake daka dutsen zinari a gidansu, sun cancanci a riƙa auna su. Abin da ke sa likita ya karkata ga jijiya shi ne idan jinin ya hau sosai amma fitsari garau yake, ko an haɗa magani iri biyu ko uku bai sauka ba, ko an ɗora abin sauraro a ciki an ji wata ƙara kamar iska na fita ta matsattsen wuri, ko bugun jinin gindin cinya ya yi rauni, ko hoton sikanin ya nuna ƙoda ɗaya ta fi 'yar'uwarta ƙanƙanta.

A nan ne al'adarmu ta zuwa kemis ke zama haɗari. Magungunan hawan jini irin su Lisinopril da Captopril, waɗanda ake samu a kusan kowane shago, suna aiki ne ta hanyar katse saƙon renin. Idan jijiyoyin ƙoda biyu ne suka tsuke, ko yaron ƙoda ɗaya gare shi, wannan saƙon shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe da tacewar fitsari, katse shi na iya tsayar da ƙodar cikin kwanaki. Idan aka haɗa da maganin ciwon jiki irin Ibuprofen ko Diclofenac abin ya ƙara muni. Ɓantaro rabin ƙwayar kaka a ba jika ganganci ne. Haka nan saukar da jinin da ya daɗe a sama farat ɗaya yana iya makantar da yaro ko ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa a asibiti ake saukar da shi sannu a hankali cikin kwana biyu ko uku.

Idan zargi ya yi ƙarfi sai a nemi ganin jijiyar kanta. Sikanin na musamman da ke nuna gudun jini yana taimakawa, amma yakan kuskure ƙananan rassa, don haka in bai nuna komai ba ba a cewa an wanke yaron. Daga nan sai hoton siti sikan da ake ɗauka bayan an yi allurar ruwa mai haska jijiyoyi. Hukunci na ƙarshe shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har bakin jijiyar ƙoda, a fesa ruwan a ɗauki hoto. Ta wannan hanyar ce kuma ake yin gyara mafi sauƙi: a tura bututu mai 'yar balan-balan a bakinsa, a hura ta a daidai inda ya tsuke har wurin ya buɗe. Andreas Grüntzig na Zurich ne ya fara ba da rahoton yin haka a jijiyar ƙoda a 1978. Ba a tsaga ciki, yaro na iya komawa gida cikin kwana ɗaya ko biyu, amma a jikin yara wurin yakan sake tsukewa har a buƙaci maimaitawa. Ragar ƙarfen da ake sa wa manya don ta tokare jijiya, likitocin yara suna gudunta, saboda yaro zai girma ita kuwa ba za ta girma ba.

Idan balan-balan ta gaza, ko tsukewar tana daidai bakin jijiyar, ko ta yi tsawo, sai a buɗe ciki. Aiki ne mai buƙatar natsuwa, domin jijiyar ƙodar ƙaramin yaro ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ana ɗinka ta ne da tabarau mai ƙara girma da zaren da ido ke gani da ƙyar. Hanya mafi kyau, in tsawon jijiyar ya isa, ita ce a yanke wurin da ya lalace a sake dasa lafiyayyen bakin a jikin babbar jijiya, a faɗaɗa bakin kafin ɗinki, kuma a ɗinka shi ɗaiɗai ba a zarge ba, don mahaɗar ta iya buɗewa yayin da yaron ke girma. In bai isa ba sai a ɗebo wata jijiya daga ƙugun yaron a yi gada da ita ta tsallake toshiyar. A jikin manya da jijiyar ƙafa ake yin wannan gada, amma an gano cewa a jikin yara takan kumbura ta zama jaka bayan shekaru, shi ya sa aka fi son ta ƙugu. Idan ɓarnar tana cikin ƙananan rassa, akan cire ƙodar gaba ɗaya, a wanke ta da ruwan sanyi na musamman, a gyara rassan a kan tebur, sannan a mayar wa yaron abarsa. Idan babbar jijiyar ciki ce ta tsuke sai a tsaga ta a yi mata maho, ko a kewaye ta da bututun roba. Ana so a jinkirta babban aiki har yaro ya wuce shekara uku idan magani zai iya riƙe shi, kuma a ciwon Takayasu sai an fara kwantar da kumburin da magani, domin ɗinki a kan jijiya mai kumburi ba ya riƙewa. Cire ƙoda a yar da ita shi ne zaɓi na ƙarshe, ana yin sa ne kawai idan ta riga ta motse ba ta tace komai sai renin take zubowa, ɗayar kuma lafiya lau take.

Ko aikin yana biyan buƙata? Jami'ar Michigan ta Amurka, wadda ta fi kowa tara irin waɗannan yara, ta fitar da rahoto a 2006 kan yara 97 da aka yi wa aiki. Kashi 70 cikin ɗari sun warke har sun daina shan magani, kashi 27 sun samu sauƙi, kashi 3 ne kawai ba su canza ba, kuma ba wanda ya mutu ta dalilin aikin. Wajibi ne a karanta wannan da hankali. Sakamako ne na cibiyar da ta shafe shekaru sama da arba'in tana wannan aiki, wasu yaran sai da aka sake yi musu aiki, kuma rahotannin da suka biyo baya sun nuna cewa idan ciwon ya shafi babbar jijiya, ko an riga an taɓa wurin a baya, samun sauƙi ya fi warkewa sarai yawa. Duk da haka, babu wani nau'in hawan jini na manya da ƙwaya ke yi wa abin da ya kai wannan.

Mai hankali zai iya cewa, a jihar da zazzaɓi da tamowa da ƙyanda ke ɗaukar yara kullum, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka suka sa tafiya daga Maradun zuwa Gusau ta zama abin fargaba, wane ne ke da sukunin ciwon da ba kasafai ake gani ba? Ƙorafi ne mai nauyi, kuma da a ce ana neman a gina ɗakin fiɗar jijiyoyi a Bakura ne da na goyi bayansa. Abin da ake nema daga ƙaramin asibiti bai wuce robar awo mai girma uku da tsinken gwajin fitsari da malamin asibitin da ya san lambar yara ba. Kuma wannan awon da zai kamo yaro ɗaya mai tsukakkiyar jijiya, shi ne zai kamo goma masu kumburin ƙoda bayan ƙazuwa, waɗanda maganinsu yana nan kusa kuma ba tsada. Wani kuma zai ce, ai manyan bincike biyu, na Ingila a 2009 da na Amurka a 2014, sun nuna buɗe jijiyar ƙoda bai fi shan magani ba. Haka ne, amma a kan tsofaffi aka yi su, masu jijiyoyin da kitse ya cinye da ƙodar da ta riga ta tsufa. Yaron da ƙodarsa ke da lafiya, toshiya guda ce kawai a gabanta, kuma yana da shekara sittin a gaba, ba a yi masa hukunci da sakamakon ɗan saba'in.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na iyaye ne, kuma su ne suka fi wuyar amsawa. Akwai tsoron wuƙa, akwai kuma tsoron da labaran cinikin ƙoda suka shuka a zukata, har da an ambaci aikin ƙoda sai uba ya ɗauke ɗansa ya tafi gida. Maganin wannan shi ne bayani a fili. Haƙƙin uba ne a nuna masa hoton, a gwada masa inda ya tsuke, a faɗa masa ko gyara za a yi ko cirewa da dalilin hakan, ya kuma nemi ra'ayin likita na biyu kafin ya sa hannu. Mai cewa gara a zauna a kan ƙwayoyi shi ma ya yi lissafi: magani iri uku ko huɗu kullum, shekara da shekaru, a gidan da wani lokaci kuɗin hatsi ke gagara, ga ƙodar tana ci gaba da motsewa a bayan toshiyar, ga zuciya tana kauri. Idan abin ya kai ga wankin ƙoda, kuɗin 'yan watanni ya isa ya cinye gona da shanu. Zoɓo da tafarnuwa da zogale abinci ne masu kyau, amma ba sa buɗe jijiyar da bangonta ya yi kauri.

Hanyar ma ba a rufe take ba. Talata Mafara tana kan titin da ya haɗa Gusau da Sakkwato. A Gusau akwai asibitin Gwamnatin Tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, a Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gaba kuma ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Malam Aminu Kano. Wannan na ƙarshen yana dashen ƙoda tun 2002, ma'ana hannun da ya iya ɗinka jijiyar ƙoda a sabon wuri yana nan a Arewa, ko da yake ta ƙaramin yaro tana buƙatar ƙarin horo da kayan aiki, kuma wasu yaran dole a tura su gaba. Abin da ya rataya a wuyan ma'aikatar lafiya ta jiha shi ne takardar turawa mai ɗauke da lambobin awo da sunayen magungunan da aka bayar, da tallafin da zai hana iyali komawa gida daga tasha saboda kuɗin hoto.

Likitocin yara da dama suna ba da shawara cewa daga shekara uku ya kamata a riƙa auna jinin yaro aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin haka ma idan bakwaini ne ko yana da ciwon ƙoda ko na zuciya. Shugabannin sashen lafiya na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su sa robar awo ta yara cikin kayan da kowane ɗakin shan magani zai mallaka. Ku kuma iyaye, duk ranar da kuka kai yaro asibiti da ciwon kai mai naci, ko jijjiga, ko haɓo, ko kumburin fuska, ko karkacewar baki, ku ce wa malamin asibiti ya auna masa jini, ya kuma rubuta muku lambar a kati.